Tanki a sama, shawa na ɗiga: yadda ake lissafin ruwa a bututu

Tambaya: Ni ɗalibin injiniyanci ne, ina shekara ta biyu a nan Kaduna. Mun yi dokar Pascal, mun yi Bernoulli da Darcy. Ina haddace su in ci jarrabawa, amma in aka tsayar da ni gaban bututu sai in rasa ta inda zan kama. Ga misali a gidanmu a Kawo: tankin lita 2,000 yana kan ƙafar ƙarfe mai tsayin mita 6, famfunan ƙasa suna zuba da ƙarfi, shawar bene kuwa ɗiga kawai take yi. Mai gyaran famfo ya ce a sayi tankin lita 5,000, wani ya ce a rage girman bututun ruwan zai ƙara ƙarfi, wani ya ce sumon rijiyar, wato injin da ke nutse a cikinta yana turo ruwa zuwa tanki, shi ne ya yi ƙarami. Wa ke da gaskiya, kuma yaya ake lissafin?

Amsa: Ƙanena, a cikin shawarwarin nan uku babu wadda za ta gyara shawar, ta biyun ma ƙara kashe ta za ta yi. Ka kyauta da ka kawo gidanku cikin tambayar, domin kusan duk darasin yana cikin wannan tanki da wannan bututu. Abin da nake so ka riƙe shi ne, lissafin ruwa a bututu lissafin mita ne. Tanki ko inji yana ba ruwa mitoci, bututu da gwiwoyi da bawul suna cin mitoci, abin da ya saura shi ke fitowa a bakin famfo. Waɗannan mitocin su ake ce wa hed a aji: tsayin da ruwa zai iya hawa in ka ba shi hanya. Ka saba da mayar da komai zuwa hed, fomulolin da kake haddacewa ɗaya-ɗaya za su zama lissafi guda.

Mu fara da ruwa a tsaye, kafin a buɗe kowane famfo. Matsin da ke wani wuri a cikin ruwa ya dogara ne ga zurfin wurin:

p = ρ g h

A nan ρ nauyin mita kubik ɗaya ne na ruwa, kilo 1,000, wato kowace lita kilo ɗaya. g shi ne ƙarfin jan ƙasa, 9.81. h kuwa tsayin ruwan da ke bisa wurin ne, a miƙe daga sama zuwa ƙasa, ba tsawon bututu ba. Ana auna matsi da faskal, ko kPa (faskal dubu), ko bar: mita ɗaya ta ruwa tana ba da kPa 9.81, mita 10.2 tana ba da bar ɗaya. Duba fomular da kyau, babu lita a cikinta, babu faɗin tanki. Siririn bututu mai tsayin mita 6 cike da ruwa, da tafki mai zurfin mita 6, matsin gindinsu ɗaya ne.

Yanzu mu auna gidanku. Gindin tanki yana mita 6. Tankin roba na lita 2,000 tsayinsa wajen mita ɗaya da rabi ne, don haka in ya cika saman ruwan yana mita 7.5. Mu ɗauka daɓen bene yana mita 3.2 daga ƙasa, kan shawa kuma mita 2 bisa daɓe, mita 5.2 ke nan (ka ɗauki tef ka auna naku). Hed ɗin shawa sai ya zama 7.5 a cire 5.2, saura mita 2.3, wato bar 0.23, kuma wannan lokacin da tanki ya cika fal ne. In ruwan ya kusa ƙarewa, mita ɗaya kacal take saura. Famfon tsakar gida da ke mita ɗaya daga ƙasa yana da mita 6.5, kusan ninki uku. Shi ya sa ƙasa ke zuba, sama ke ɗiga.

To me tankin lita 5,000 zai ƙara? Irin wannan tankin faɗi ma yake ƙarawa, ba tsayi kaɗai ba. Ƙarin tsayin da zai ba ka wajen rabin mita ne kawai, shi ma sai ya cika. Abin da zai ƙara da gaske shi ne nauyi: tan biyar a kan ƙafar da aka yi wa lissafin tan biyu. Wannan ba ƙaramin haɗari ba ne a gidan da yara ke wasa a ƙarƙashin tanki. Babban tanki maganin ƙarewar ruwa ne, ba maganin rashin ƙarfinsa ba.

Da zarar ka buɗe famfo, dokoki biyu suna shigowa. Ta farko mai sauƙi ce: ruwa ba ya matsuwa, abin da ya shiga bututu shi zai fita.

Q = A v

Q yawan ruwan da ke wucewa a daƙiƙa, A girman bakin bututu, v gudun ruwa. In bututu ya tsuke, ruwa ya ƙara gudu. In dayamita ta ragu da rabi, A ya ragu sau huɗu, gudu ya ninka sau huɗu.

Ta biyu ita ce wadda ke ɗauke da sunan Daniel Bernoulli, wanda ya wallafa aikinsa a 1738. Ka rubuta ta cikin mita, kada ka rubuta ta cikin faskal:

z + p/ρg + v²/2g

Aljihu uku ne ruwa ke ajiye makamashinsa a ciki: tsayin wuri, matsi, da gudu. Yana iya cirewa daga wannan aljihu ya sa a wancan, amma jimillar ba ta ƙaruwa sai in inji ya ƙara mata. A littafi, inda aka ɗauka babu gogayya, jimillar ba ta canjawa. A bututun gaske kullum raguwa take yi a hanya. Don haka fomular aiki ita ce: hed a farko, a haɗa da na inji in akwai, daidai yake da hed a ƙarshe a haɗa da asarar hanya.

Daga nan za ka ga kuskuren mai cewa a rage bututu. Na san inda maganar ta samo asali: kowa ya taɓa danne bakin tiyo da babban yatsa ya ga ruwa ya yi tsalle nesa. Abin da ke faruwa a nan shi ne, da ka danne bakin, ruwan da ke bi ta cikin tiyon ya ragu, gudunsa a ciki ya ragu, gogayya ta ragu, sai mafi yawan hed ɗin ya iso bakin lafiya ya koma gudu a ɗan ramin da ka bari. Tsallen ya yi nisa, amma bokiti ya fi daɗewa bai cika ba. Kuma tsukewar a ƙarshe take, a tsawon da bai kai inci ba. In ka tsuke bututun gaba ɗaya, mita ashirin, akasin haka ka yi: ruwa zai yi ta gudu yana gugar bango tun daga tanki har banɗaki, ya iso a gajiye.

A nan ne ya kamata ka daɗe, domin gogayya ita ce rabin aikin injiniyan ruwa. Fomular Darcy da Weisbach ita ce:

hf = f (L/D) (v²/2g)

hf asarar hed ce ta gogayya, L tsawon bututu, D dayamitar ciki, f lambar gogayya. Kafin ka sami f sai ka san irin tafiyar da ruwan ke yi. Osborne Reynolds ya nuna wannan a Manchesta a 1883, da ya saki zaren ruwa mai launi a cikin bututun gilashi. In gudun kaɗan ne, zaren yana tafiya a miƙe, ruwa na bin juna layi-layi a natse. In gudun ya ƙaru, zaren ya watse, ruwan ya hargitse. Lambar da ke raba su ita ce Re = vD/ν, inda ν ke nuna kaurin ruwan, irin bambancin da ke tsakanin ruwan sha da zuma ko baƙin mai. Ga ruwa a zafi irin namu, wajen digiri 25, ka ɗauki ν a 0.9 × 10⁻⁶. In Re bai kai 2,000 ba, tafiyar a natse take, f = 64/Re. In ya haura 4,000, a hargitse take. A bututun gida kusan kullum a hargitse take, kuma ga bututun roba mai santsi fomular Blasius ta isa: f = 0.316/Re^0.25, muddin Re bai wuce 100,000 ba. Ga tsohon bututun ƙarfe mai tsatsa sai ka koma jadawalin Moody na 1944, inda kaushin bango ke shigowa.

Bari mu sa lambobi. Shawa mai daɗin wanka tana son lita 10 a minti. Raba da 60,000 ka sami mita kubik a daƙiƙa: 0.000167. Mu ɗauka bututun rabin inci ne, cikinsa milimita 15, tsawonsa daga tanki zuwa shawa mita 20. A ya zama 0.000177, gudu ya zama mita 0.94 a daƙiƙa. Re wajen 15,700, f wajen 0.028. v²/2g ya ba da mita 0.045. L/D shi ne 1,333. Ninka ukun, asarar ta zama mita 1.7.

Ba a gama ba. Kowace gwiwa, kowane ti, kowane bawul yana cin nasa, da fomula K v²/2g, inda K ke nufin lambar asarar kowannensu. Gwiwa mai kusurwa tana da K wajen 0.9, mashigar bututu daga tanki wajen 0.5. In akwai gwiwoyi takwas da ti da bawul, jimillar K za ta kai 10, asarar mita 0.45 ke nan. Haɗa da 1.7, ka sami mita 2.15. Tanki cike ya ba ka 2.3. Saura santimita 15 don tura ruwa ta ƙananan ramukan kan shawa. Ba zai yiwu ba, sai ruwan ya rage kansa har lissafin ya daidaita, ka ga ɗigar da kake gani.

Yanzu canja abu ɗaya tak, ka sa bututun inci ɗaya mai ciki milimita 25. Gudu ya sauka zuwa 0.34, Re wajen 9,400, f wajen 0.032, v²/2g ya koma 0.0059, L/D ya zama 800. Asarar mita 0.15. Gwiwoyin duka sun ci 0.06. Daga 2.15 an dawo 0.21. Na inci uku bisa huɗu mai ciki milimita 20 yana tsakiya, wajen mita 0.6 duka. Dalilin wannan babban bambanci: in Q bai canja ba, asara tana tafiya ne da kusan 1/D⁵. Ninka dayamita sau biyu, asara ta faɗi kusan sau talatin. A ganina wannan ita ce magana mafi amfani a duk kwas ɗin, kuma ita ce aka fi mantawa a wurin gini, inda ake sayen siririn bututu don a rage kuɗi kaɗan, a binne shi a bango a rufe da tayil.

Ka kula da wani tarko a kasuwa. Lambar da ke jikin bututun PPR, koren nan da ake haɗawa da wuta, dayamitar waje ce. Mai lamba 20 na ajin PN20 kaurin bangonsa milimita 3.4 ne, cikinsa 13.2 kawai. Mai lamba 25 cikinsa 16.6, mai lamba 32 cikinsa 21.2. In ka sa 13.2 a lissafinmu maimakon 15, asarar mita 1.7 ɗin nan za ta haura mita 3. Ƙari a kan haka, in mai haɗawa ya bar bututun ya daɗe a kan wuta ko ya tura shi da ƙarfi, robar da ta narke tana taruwa a ciki ta yi zobe, ta tsuke hanyar. Daga waje haɗin ya yi kyau. Sai ka yanka ka leƙa za ka ga ramin da ya rage bai fi na biro ba. Haɗi ɗaya irin wannan ya isa ya kashe banɗaki guda.

Akwai kuma tarkon jarrabawa. Wasu littattafai, musamman tsofaffin na Ingila, suna rubuta hf = 4fLv²/2gD. Wancan f ɗin na Fanning ne, kashi ɗaya cikin huɗu na na Darcy. Hanyar ganewa: in littafin ya ce f = 16/Re a tafiya ta natse, na Fanning ne; in ya ce 64/Re, na Darcy ne. Wanda ya ɗauko f daga jadawalin Moody ya sa a fomula mai 4f, amsarsa ta ninka sau huɗu.

Gani ya kori ji, kuma kana iya ganin hed da idonka da kayan da ba su da tsada. Nemo farin tiyon nan da magina ke awon lebur da shi, mita biyar ko shida. Cire kan shawa ko ka yi amfani da famfon wankin hannu na bene, ka ɗaura tiyon, ka fitar da shi ta taga ka ɗaga ɗaya bakin sama ya wuce tsayin tanki. Rufe duk famfunan gidan, ka buɗe wannan. Ruwa zai hau ya tsaya cak daidai da saman ruwan tanki. Yi alama. Sai ka sa wani ya buɗe wani famfo da ke kan layin. Za ka ga ruwan tiyon ya sauko ya tsaya a wani wuri yana ɗan rawa. Tazarar da ke tsakanin alamar farko da ta biyu ita ce hf ta ɓangaren bututun da famfunan biyu suke tarayya a kai, a santimita, ba tare da kalkuleta ba. A lokaci guda a tara bokitin fenti na lita 20 a ƙarƙashin famfon da aka buɗe, a duba agogo, a sami Q. Daga nan sai ka juya fomular Darcy ka fitar da asarar da ya kamata a samu. In abin da ka auna ya ninka na lissafi, akwai abin da ya toshe: zoben roba, yashi daga rijiya, bawul da bai buɗe duka ba, ko iska.

Iska tana da nata sharrin a layin da hed ɗinsa kaɗan ne. In bututu ya hau ya sauko, misali ya tsallake wani bim, iska tana maƙalewa a ƙololuwar, musamman bayan tanki ya ƙare an sake cika shi. Hed na mita biyu ba shi da ƙarfin tura ta. Alamarta famfo ya riƙa tari yana tofar da ruwa. Maganinta a shimfiɗa layin yana gangarowa ba hawa, a kuma sa bututun shaƙar iska kusa da mafitar tanki, wanda bakinsa ya wuce saman tankin.

Sai maganar sumo. Aikinsa ya ƙare a bakin tanki. Da zarar ruwa ya faɗa ciki, matsin inji ya tafi, abin da ya rage tsayin tanki ne kawai. Ko dokin inji nawa ka sa, shawar ba za ta sani ba. Amma tunda ka tambaya, ga yadda ake zaɓensa. Mu ɗauka lokacin da inji ke ja, ruwan rijiyar yana sauka zuwa mita 35 ƙasa. Wannan matakin ake lissafi da shi, ba zurfin rijiyar ba, ba kuma inda aka rataye injin ba. Bakin tanki yana mita 7.5 sama, jimilla 42.5. Muna son lita 30 a minti, wato 0.0005, ta bututun milimita 25 mai tsawon mita 60. Gudu ya zama 1.02, Re wajen 28,000, f wajen 0.024, asara mita 3.1, gwiwoyi da bawul rabin mita. Hed duka mita 46.

P = ρ g Q H

P ƙarfin aikin inji ne da wat, H kuwa hed duka. Wannan ya ba da wat 226 da ke shiga ruwan. Ƙananan injuna ba sa mayar da duk wutar da suka ci zuwa aiki. In ingancin inji da mota a haɗe kashi 45 cikin ɗari ne, kana buƙatar wajen wat 500. Doki ɗaya wat 746 ne, don haka inji mai doki 0.75 yana kusa, kuma zai cika tankin cikin minti 67. Amma kada ka saya da doki kawai. Kowane inji yana da jadawali a takardarsa da ke nuna lita nawa yake bayarwa a kowane hed. Lambobin manya da ke jikin kwali, hed mafi tsawo da ruwa mafi yawa, ba sa haɗuwa a lokaci ɗaya: a hed mafi tsawo ruwan sifili ne. Nemo mita 46 a jadawalin, ka ga ko akwai lita 30 a wurin, ka kuma tabbata wurin yana tsakiyar zanen ba a gefe ba.

A Kaduna wannan yana da muhimmanci na musamman, domin garin yana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, ruwan ƙasa kuma yana cikin rubabben saman dutsen ne da tsagoginsa. Rijiyoyi da yawa ba sa kawo ruwa da sauri. In ka sa injin da ke ja fiye da abin da rijiyar ke kawowa, ruwa zai sauka har bakin injin, ya shaƙi iska. Sumo kuwa ruwan da ke wucewa ta jikinsa ne ke sanyaya motarsa. Haka ake ƙone inji a watan Maris da Afrilu, a ɗora wa wuta laifi. Fomular nan ta P, in ka juya ta, ita ce ta madatsar Shiroro da ke kan Kogin Kaduna a Jihar Neja, mai ƙarfin megawat 600: a can ruwa ne ke ba inji hed, a gidanku inji ne ke ba ruwa.

Injin da ke zaune a sama yana zuƙo ruwa, irin na masu noman rani a bakin kogi, dokarsa daban. Ba ja yake yi ba a gaskiya. Yana rage matsi ne a cikin tiyo, iskar sararin sama ta danno ruwan ya hau. A bakin teku matsin iska kPa 101.3 ne, mita 10.3 ta ruwa. Kaduna tana wajen mita 600 bisa teku, matsin ya sauka zuwa wajen kPa 94, mita 9.6. Cire kusan rabin mita saboda ruwa mai ɗumin digiri 30 yana fara tururi in matsi ya faɗi zuwa kPa 4.2, cire gogayyar tiyo da bawul ɗin gindi, cire abin da injin kansa ke buƙata a bakinsa. Abin da ya rage a aikace mita 6 zuwa 7 ne. In rani ya yi nisa kogi ya janye, manomi bai matso da inji ƙasa ba, za ka ji yana ƙara kamar an zuba masa tsakuwa. Kumfan tururi ne ke tasowa suna fashewa a jikin fankar injin, suna cin ƙarfen har ya yi ramuka kamar gara ta ci. Kabiteshan ke nan. Maganinsa a sauko da injin kusa da ruwa, a gajarta tiyon zuƙa, kada kuma ya fi bakin injin ƙanƙanta. A wannan lissafin matsi cikakke ake amfani da shi, wanda ya haɗa da na iska. Geji kuwa daga matsin iska yake fara ƙirga sifili. Haɗa su biyun a lissafi ɗaya kuskure ne na kusan mita goma.

Abu ɗaya da Bernoulli ba ya gani shi ne abin da ke faruwa in ka tsayar da ruwa farat ɗaya. Ƙarar guduma da kake ji a bango in an rufe bawul mai hannu da sauri ita ce. Hed ɗin da ke tashi shi ne a·v/g, inda a ke nufin gudun girgizar matsi a bututun. A na ƙarfe a yana wajen mita 1,200 a daƙiƙa, ruwa mai gudun mita ɗaya zai haifar da ƙarin mita 120, bar 12. A na PVC a yana wajen 400, ƙarin mita 40. Wannan ke ɓalle haɗin gam a layin sumo. Shi ya sa ake riƙe gudu a layin gida tsakanin mita ɗaya da biyu a daƙiƙa, ake rufe manyan bawul a hankali, ake sa bawul mai hana ruwa komawa a saman inji.

Dokar Pascal ba ta cikin matsalar gidanku sosai, amma tana ko'ina a Panteka da garejin makanikai. Matsin da aka sa wa mai a rufaffen wuri yana isa kowane sashe daidai. Jak mai ƙaramin fistin na milimita 10 da babba na milimita 50: girman bakinsu ya bambanta sau 25, ƙarfin nutan 200 (nutan ma'aunin ƙarfin turi ne) a ƙarami ya zama 5,000 a babba, matsin ciki wajen bar 25. Ba kyauta aka samu ba, ƙaramin sai ya yi tafiyar santimita 25 kafin babban ya ɗaga ɗaya. Haka birkin mota yake, haka abin ɗaga bodin tifa. In iska ta shiga layin birki, ita tana matsuwa, mai ba ya matsuwa, sai feda ta yi laushi, dole a fitar da iskar.

Kwata ma lissafin hed ce, sai dai a can gangaren ƙasa ke biyan kuɗin gogayya. Da fomular Manning, v = (1/n) R^(2/3) S^(1/2), inda n ke nufin kaushin bango, S gangare, R kuwa girman yankin ruwa a raba da tsawon bangon da ya jiƙe, kwatar siminti mai faɗin mita 0.6, ruwa zurfin 0.4, gangare 1 cikin 200, n = 0.015, tana ɗaukar wajen lita 350 a daƙiƙa. Bari yashi da leda su cike rabinta, zurfin ya koma 0.2, kaushin ya kai 0.03, sai ta koma lita 70. Rabin zurfi ya tafi, amma kashi huɗu cikin biyar na aikinta ne ya tafi, kuma a Agusta da Satumba ake gane haka.

Mu koma banɗakinku. Fara da abin da ba ya cin kuɗi: kwance kan shawa ka wanke ramukansa da ragar da ke bakinsa, ka duba takardarsa, domin wasu kawunan zamani an ƙera su ne don bar ɗaya ko fiye, mita goma ke nan, ba za su taɓa aiki da mita biyu ba. Irin wannan a canja shi da mai manyan ramuka. Sai gwajin tiyo da bokiti. In ya nuna gogayya ce, a ja wa bene layinsa na kansa daga tanki, mai ciki milimita 25 (in PPR ne mai lamba 32 shi ne mafi ƙanƙanta da za a yarda da shi, mai 40 ya fi), da gwiwoyi kaɗan, a bar rabin inci a mita biyun ƙarshe kawai. Asarar za ta dawo wajen rabin mita, shawa ta sami mita 1.8 in tanki ya cika. Layin na kansa yana kuma hana famfon kicin ƙwace ruwan mai wanka. A saita fulot, makunnin da ke shawagi a cikin tanki, ya tayar da sumo in tanki ya kai rabi, kada a jira ya kusa ƙarewa. In har yanzu ana son ƙarin ƙarfi, hanya biyu ce: a ƙara wa ƙafar tanki mita biyu, bayan wanda ya san lissafin ƙarfe ya duba ginshiƙanta da tushenta da iskar farkon damina, ko a sa ƙaramin injin busta mai hed na mita 10 zuwa 15 a layin bene shi kaɗai, bayan an gyara bututun.